Lauyan Da Ya Cika Filin Wasa Da Zancen Haraji

 Yau ƙasar Indiya zan kai ku. Yawancinmu abin da muka sani game da ita bai wuce finafinansu da muka kalla a silima ba, sai kuma labarin cewa a can saniya takan kwanta a tsakiyar titi, motoci su yi ta kewaye ta, ba mai ce mata kanzil. To, a ƙasar nan an yi wani lauya wanda sana'arsa ita ce shari'ar haraji, kuma ina ganin duk mutumin da ya taɓa tsayawa a gaban 'yan duwan ko ɗan kwastan da takardun shanu a hannu ya kamata ya ji yadda ya yi aikinsa.

Sunansa Nani Palkhivala. Sunan na biyu yana da wuyar faɗi a bakinmu, saboda haka Nani za mu riƙa ce masa. An haife shi a birnin Bambai, wanda yanzu ake kira Mumbai, ran 16 ga Janairu 1920, ya rasu ran 11 ga Disamba 2002. Iyayensa 'yan wata ƙaramar al'umma ce da ake kira Farsi, waɗanda kakanninsu suka ƙaura daga ƙasar Farisa shekaru aru-aru da suka wuce. Ba gidan sarauta ba ne, ba kuma na attajirai ba. Sunan gidan ma daga sana'a ya samo asali, kamar yadda mu muke cewa gidan maƙera ko gidan dukawa, domin kakanninsa masu ƙera wata irin karaga ce mai rumfa da ake ɗaukar manya a cikinta bisa kafaɗa. Yana yaro yana fama da in'ina mai tsanani. Da ya gama karatun adabin Ingilishi koyarwa ya so yi, bai sami gurbi ba, shi ne ya koma ya karanta aikin lauya. A tsakiyar shekarun 1940 ya shiga ofishin wani tsohon lauya mai suna Jamshedji Kanga, ya zauna ƙarƙashinsa kamar yadda yaron falke ke bin ubangidansa kasuwa-kasuwa kafin a sakar masa jari. A 1950, yana da shekara 30 kacal, aka buga babban littafin sharhin dokar harajin kuɗin shiga da sunayensu su biyun. Har yau ana sabunta littafin nan, lauyoyi da alƙalai na Indiya suna kafa hujja da shi.

Kafin ku gane abin da ya sa mutumin nan ya yi suna, sai kun ji irin harajin da ake karɓa a Indiya a zamaninsa. Gwamnatin wancan lokaci ta ɗauka cewa hanyar daidaita talaka da mai kuɗi ita ce a yi ta tsuga wa mai samu haraji. Aka yi ta ƙari, aka yi ta ƙari, har a shekarar kuɗi ta 1973 zuwa 1974 matakin ƙoli ya kai kashi 97.75 cikin ɗari a kan duk abin da mutum ya samu sama da rupi 200,000 a shekara. Ku yi lissafin da kanku. Wato in ya ci ribar rupi 100 a wannan mataki, abin da zai sa a aljihu rupi biyu ne da kwata. In yana son rupi 100 su rage masa ta hanyar halal, sai ya nemo sama da 4,400. Ga kuma harajin dukiya daban, wanda in aka haɗa, wani mutumin abin da ake binsa a shekara ya fi abin da ya samu a shekarar. Haba jama'a! Wa zai yi wannan wahala alhali in ya ɓoye ciniki guda ɗaya ya huta?

Abin da Nani ya yi ta faɗa ke nan shekara da shekaru, a kotu da bainar jama'a da cikin rubuce-rubucensa: haraji in ya wuce kima ba ya cika baitulmali, sai dai ya koya wa mutanen kirki ƙarya. Mai gaskiya ya zama wawa a idon abokansa, maƙaryaci ya gina bene, ma'aikacin haraji kuma ya sami abin sayarwa, wato rufe ido. Wannan ba sai an fassara wa falken shanu ba. Duk ranar da kuɗin da ake biya kan kowane kai a ƙofar hukuma ya fi ladan mai kora ta cikin daji da dare, mun san hanyar da garke ke bi. Hukuma ta rasa kuɗinta, falke ya shiga hatsarin ɓarayi da ƙishirwa, wanda ya ci riba shi ne mai shinge. A Indiyan ma haka take, har a kan shanu: tun da ba a yarda a fitar da su ta ƙofa ba, ta ɓarauniyar hanya ake tsallaka da su iyakar Bangaladash.

Abu na biyu da ya dame shi shi ne yawan taɓa doka. Dokar harajin da aka kafa a 1961, kafin ta cika shekara 30 an yi mata gyare-gyare dubbai. Bana a ce kaza, baɗi a soke, wani lokaci ma a ce gyaran ya hau kan cinikin da aka riga aka gama tun bara. A ganinsa, dokar da mai biya ba zai iya karantawa ya gane ba, kuma ba zai iya dogara da ita ya tsara kasuwancin shekara ba, zalunci ce ko da kuɗin kaɗan ne. Nan na fi yarda da shi. Falke yana iya jure haraji mai nauyi in ya san shi tun yana kara, domin zai sa shi cikin lissafi kafin ya ce "na saya". Abin da ke karya jari shi ne kuɗin da ba a san da shi ba sai tirela ta yi nisa.

Amma fa a lura, duk da wannan suka da yake yi, bai ce wa kowa ya gudu ba. A wurinsa akwai bambanci tsakanin mutumin da ya tsara harkarsa a fili yadda doka ta ba shi dama don nauyin ya ragu, da wanda ya ɓoye ciniki ko ya rubuta ƙarya. Na farko haƙƙinsa ne, lauya ya taimake shi. Na biyu laifi ne. Hikimar kuwa a bayyane take: wanda ya biya abin da doka ta ce, yana riƙe da rasit, shi ke da bakin cewa sauran da ake nema ba ya cikin doka. Wanda ya saba tura kuɗin goro ta tagar mota ba shi da ta cewa ranar da aka ninka masa, domin shi da mai karɓa sun zama abokan sirri, kuma mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Abin da ya fi ba ni sha'awa a tarihinsa ba a kotu ya faru ba. A Indiya, a wancan zamani, ƙarshen watan Fabrairu ne ministan kuɗi ke karanta kasafin shekara a majalisa, da Turanci mai wuya da lambobi rututu. A 1958 Nani ya fara tara mutane a wani ɗaki na wani otal a Bambai, 'yan kwanaki bayan kasafin, yana warware musu abin da ke ciki: ga abin da aka ƙara, ga wanda zai biya, ga inda za a kashe, ga kuma inda shi yake ganin an yi kuskure. Ɗakin ya yi kaɗan, aka koma babban zaure. Zauren ya yi kaɗan, aka koma filin wasan kurket na Brabourne, inda dubun dubatar mutane ke zuwa su zauna su saurari zancen haraji, ba kiɗa ba rawa, ba kuma a raba ko sisi. Mutumin da ya tashi da in'ina shi ne zai tsaya sama da awa guda ba takarda a hannu, yana zubo lambobi daga ka. Akawu da mai kanti da ɗalibi da mai masana'anta duk suna wurin. Haka ya yi ta yi har 1994.

Ku duba fa, lauya ne. Jahilcin mutane game da doka shi ne abincin lauya, kamar yadda rashin sanin gari ke ciyar da dillali. Da ya so, sai ya rufe iliminsa a ofis, mai so ya zo ya biya. Shi kuwa ya ɗauka cewa in jama'a suka fahimci haraji, gwamnati za ta ji kunyar wasu abubuwan. An kuwa daɗe kafin a ji shi, kuma ba shi kaɗai ya yi maganar ba, domin wani kwamitin bincike da gwamnati ta naɗa da kanta ya ba da shawarar ragi a 1971. A 1974 aka sauko da matakin ƙoli zuwa kashi 77, a 1985 zuwa 50, a 1992 zuwa 40, a 1997 zuwa 30. Daga 1958 zuwa 1997 shekara 39 ke nan. Ita kuwa tsohuwar dokar 1961 mai yawan faci, sai a 2025 majalisa ta zartar da wadda za ta maye gurbinta, shi kuwa ya rasu da kusan shekara 23.

Daga shari'ar haraji ne ya gangara zuwa manyan shari'o'in tsarin mulki, domin tambayar ɗaya ce: ina iyakar hannun hukuma a cikin dukiyar mutum? A 1969 gwamnatin Indira Gandi ta karɓe manyan bankuna 14. Nani ya tsaya wa mai ƙara, a 1970 Kotun Ƙoli ta rushe dokar saboda diyyar da aka tsara ba ta yi daidai ba. Gwamnati ta sake kafa doka ta riƙe bankunanta, amma dole ta gyara zancen diyya. A ƙarshen shekarar ya sake yin nasara a shari'ar tsofaffin sarakunan Indiya da aka soke wa kuɗin da aka yi musu alkawari lokacin da suka miƙa ƙasashensu. A 1971 majalisa ta gyara tsarin mulki ta soke kuɗin gaba ɗaya. Ka ga an ci a kotu, an rasa a majalisa.

Wannan ne ya kai ga shari'ar da ta fi kowace. Wani shugaban gidan ibadar Hindu a jihar Kerala, Kesavananda Bharati, ya kai ƙara kan filayen gidan da dokar rabon ƙasa ta taɓa. Zancen fili ne, amma Nani ya mai da shi babbar tambaya: shin masu rinjaye a majalisa suna iya canza kome da kome a tsarin mulki, har su soke 'yancin mutane da ikon kotu, don kawai suna da yawan hannuwa? Alƙalai 13 suka zauna, aka yi kwana 68 ana sauraro. Ran 24 ga Afrilu 1973 aka yanke, bakwai suka rinjayi shida: majalisa tana iya gyara, amma ba ta da ikon rushe ginshiƙan da tsarin ya tsaya a kansu. Mai ƙarar bai sami filayensa yadda ya so ba. Hukuncin kuwa har yau shi ne katangar da gwamnatocin Indiya ke cin karo da ita.

Sai kuma abin da ya nuna halinsa. A watan Yuni 1975 wata babbar kotu a Allahabad ta soke zaɓen Indira Gandi. Duk da shi ne ya yi ta kayar da gwamnatinta a kotu, da ta nemi ya tsaya mata a ɗaukaka ƙara ya yarda, domin a ganinsa tana da hujja, kuma lauya ba ya duba fuska. Ran 24 ga watan ya samo mata umarnin da ya bar ta a kan kujera kafin a gama shari'a. Kashegari da dare ta sa aka kafa dokar ta-ɓaci, aka kwashe 'yan adawa aka kulle, aka toshe bakin jaridu. Nan take ya mayar mata da takardunta, ya ce ta nemi wani. A lokacin yana cikin manyan daraktocin kamfanin Tata, waɗanda muke ganin motocinsu a hanyoyinmu, kuma gwamnati na iya murƙushe kamfani da sa hannu guda. Bai fasa ba. A watan Nuwamba na shekarar aka sake tara alƙalai 13 don a warware hukuncin 1973, ya tashi ya yi ta kawo hujja, cikin kwana biyu babban alƙali ya watse zaman. Bayan gwamnatin ta faɗi aka tura shi jakada Amurka daga 1977 zuwa 1979.

To, na san abin da wani zai ce, kuma yana da gaskiyarsa. Zai ce wannan ai lauyan masu kuɗi ne: bankuna, sarakuna, Tata. Harajin kashi 97 ɗin ma talakan Indiya bai taɓa jin zafinsa ba, tun da bai sami abin da za a cire ba. Haka ne, kuma 'yan ra'ayin gurguzu na ƙasarsa sun faɗa masa haka tun yana raye. Amma katangar da aka gina don gidan attajiri, ranar da aka fara kama mutane ba shari'a a 1975, kowa ya ga amfaninta. Wani kuma zai ce, mu kayanmu mai rai ne. Mai banki yana iya jiran shekara biyar a kotu. Shanu 30 a cikin tirela, cikin zafin bazara, ba sa jiran awa biyar, kowace awa nama ke zubewa, wata ta durƙushe a take ta. Wa zai tsaya gardamar doka a kan shinge? Babu. Ni ma ban ce a tsaya ba. Shi kansa Nani ya sha kukan jinkirin kotunan ƙasarsa. Sai dai shi ba a bakin shinge ya yi faɗansa ba. Ya yi shi ne tun kafin a kai can, wurin karanta doka da bayyana ta, da kuma bayan an wuce, wurin ɗaukar shari'a guda mai kyau a bi ta har ƙarshe don ta zama hujja ga kowa. Wannan aikin ƙungiya ne, ba na direba da yaron mota ba.

Mu a nan, in aka ce an ɗauki lauya, ma'anarsa wani ya shiga hannu, ana neman beli. In kuwa zancen kuɗin hanya ne, wanda muke nema shi ne mai sanin manya, ya buga waya a saki mota. Motar ta wuce yau, gobe ta bayanta ta biya ninki. Alhali akwai rubutattun abubuwa da yawancinmu ba mu taɓa ji an karanta mana ba. A 1998 gwamnatin soja ta Nijeriya ta kafa doka mai lamba 21 wadda ta jera harajin da tarayya da jiha da ƙaramar hukuma kowace ke da ikon karɓa, ta kuma haramta kafa shinge a kan hanya don karɓar haraji. Mutum nawa cikin masu kai shanu Ikko ko Fatakwal suka san an taɓa rubuta haka? Ina dokar ta tsaya yanzu bayan hukunce-hukuncen kotu da sababbin dokokin haraji da Nijeriya ta sa wa hannu a 2025? Wannan tambaya ce ta lauya, kuma amsarta kuɗi ce a aljihunmu. Haka yarjejeniyar CEDEAO, wato ECOWAS, tun 1979 ta sa dabbobi cikin kayan da ya kamata su ratsa iyaka ba kuɗin fito. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar a watan Janairu 2025. Me ya saura, me ya faɗi? A watan Mayu na 2025 Nijar ta dakatar da fitar da dabbobi gabanin Babbar Salla. Nijeriya ta rufe iyakokinta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, ta sake rufe ta Nijar daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan, a bakin direbobi da rediyo muka tsince shi, bayan wasu sun riga sun zuba jari.

Kada kuma a ce ƙaramin ɗan kasuwa ba ya motsa doka. Da Nijeriya ta rufe iyakarta da Benin a 2003, wani ɗan kasuwa, Olajide Afolabi, ya kai ƙara kotun ECOWAS cewa an jawo masa asara. A 2004 kotun ta kori ƙarar, ta ce ƙasashe ne kaɗai ke da ikon zuwa gabanta. Ya faɗi. Amma ƙarar ta tona gibin da ke akwai, a 2005 aka gyara ƙa'ida, aka buɗe wa mutum ɗaya ƙofar kai ƙara kan tauye haƙƙinsa na ɗan Adam. Kamar mai filayen Kerala, shi bai ci ba, na bayansa suka samu.

Saboda haka ga shawarata ga shugabanninmu, a sa ta cikin abin da za a tattauna a taro mai zuwa. Cikin kuɗin da ake cira kan kowane kai a kara, a ware wani abu a ɗauki lauyoyi biyu masu sanin haraji, ɗaya wanda ya karanta dokar ɓangaren Faransanci, ɗaya ta ɓangaren Ingilishi, domin ba iri ɗaya ba ne. Sharaɗin farko da za a gindaya musu shi ne na Nani: duk shekara, da zarar an fitar da dokar kuɗi ta ƙasa, su zo kara ranar kasuwa, a sa lasifika, su faɗa mana da Hausa da Fulatanci abin da ya canza, nawa ne kan sa, nawa kan rago, wace takarda ake bukata, wane ofishi ke da ikon karɓa. A buga shi a takarda guda a ba kowane direba. Sharaɗi na biyu yana kanmu: kowace tafiya a nemi rasit, inda aka hana a rubuta wuri da rana da adadi a littafi, a kawo wa sakatare. Lauya ba ya shiga kotu da "an ce". In aka tara na wata shida daga hanyar Maraɗi zuwa Kano, da ta Ngaundare zuwa Mubi, da ta Njamena zuwa Maiduguri, su lauyoyin za su zaɓi wanda ya fi ƙarfin hujja su fara da shi.